Yadda muka yi jinyar muzurunmu a gida bayan an gano yana da ciwon sukari

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne kwanon ruwa. Toka, muzurun da ya shekara 9 a hannunmu, da can sai ya wuni bai kula ruwa ba, amma sai ga shi ina cika masa kwano da safe, kafin rana ta raba ya lashe shi tas, har na taɓa tarar da shi a banɗaki yana lasar ɗigon famfo. Yashin da yake fitsari a ciki kullum a jiƙe sharkaf, yana manne masa a tafin ƙafa. Ci kuwa kamar gara, yana gamawa ya dawo yana kuka a gindin ƙafata, amma sai zubewa yake yi. Da yake da ma ƙato ne mai teɓa, sai muka ɗauka ƙibar ce take raguwa, har muna murna. Kusan mako 6 muka ɓata a haka, sai ran da na shafa shi na ji ƙashin bayansa yana tokarar hannuna, gashinsa kuma ya cukurkuɗe ya daina sheƙi. Na rubuta wannan ne saboda wanda aka gaya wa yau cewa magensa tana da ciwon sukari, ya dawo gida riƙe da takardar magani bai san ta inda zai fara ba, domin haka ni ma na dawo.

Ranar farko a asibitin dabbobi mun yi zaman jira fiye da awa ɗaya, karnuka na ta haushi, Toka ya maƙure a lungun kwandonsa yana huci. Da aka kira mu aka ɗora shi a sikeli, kilo 5.4, alhali a katinsa na bara an rubuta 6.9. Likita ya jero mini tambayoyin da ban shirya musu ba: ruwa nawa yake sha a rana, yaushe aka fara ganin canjin, ko an taɓa yi masa allurar ƙaiƙayi irin ta sitiroyid, domin ita ma tana iya tayar da ciwon. Aka ɗebi jini, na'urar awon sukari ta nuna 438. Na ce, "Likita, ke nan sukari ne?" Ya ce, "Malama, kada mu yi gaggawa tukuna." Ya bayyana mini cewa tsoro kaɗai kan sa sukarin jinin mage ya yi sama na ɗan lokaci, don haka awo ɗaya a kan teburin asibiti bai isa a yanke hukunci ba. Sai an duba fitsari, an kuma yi wani gwajin jini da ake kira furuktosamin, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance a mako 2 zuwa 3 da suka wuce, shi firgicin rana ɗaya ba ya canza shi. Mafitsararsa babu komai a lokacin, sai aka ba ni wasu 'yan ƙwayoyin roba da ba sa tsotse ruwa, aka ce in wanke tiren da yake fitsari a ciki in zuba su a madadin yashi, in zuƙi fitsarin da sirinji in kawo. Bai yarda ya shiga tiren ba sai can cikin dare, ni kuwa ina zaune ina gadinsa.

Sakamakon ya ɗauki kwana 3. Kafin mu bar asibiti likita ya ja mini kunne da cewa idan ya daina ci, ko ya fara amai, ko ya kwanta ya ƙi motsi, kada in jira gari ya waye. Jikin da ya kasa amfani da sukari yakan koma ƙona kitse, daga nan wani sinadari mai suna kiton ya taru a jini, kuma wannan yana kashe mage cikin ɗan lokaci. Da muka koma aka miƙa mini takardu guda 2. Akwai sukari a fitsari, babu kiton, furuktosamin ya hau sosai, ƙoda lafiya, haka ma ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroyid, wanda shi ma idan ya yi aiki fiye da kima yakan sa tsohuwar mage ta riƙa ci tana ramewa. Hawaye suka zubo mini, don ni ce mai cika masa kwano da busasshen abinci dare da rana. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce ƙiba da rashin motsa jiki da shekaru suna gaba a cikin dalilan, kuma ciwon ya fi kama muzurai, musamman waɗanda aka fiɗiye. Amma ya ƙara da maganar da ta riƙe ni tsawon watanni: yawancin maguna irin ciwon manyan mutane suke yi, nau'i na 2, inda gaɓar ciki da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ta gaji amma ba ta mutu ba. Idan aka sauke sukarin da wuri, wasu sukan kai matsayin da za a daina yi musu allurar insulin.

A wannan zaman ne muka zaɓi magani. Na tambaya ko babu na sha, ya ce akwai: Bexacat, ƙwayar da aka amince da ita a Amurka a ƙarshen 2022, da Senvelgo na ruwa da ya biyo baya a 2023. Suna sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, amma ba a ba magen da aka riga aka fara yi wa insulin, kuma kiton na iya taruwa ko da awon sukari ya nuna lafiya lau. Ganin yadda Toka ya zube, likita ya fi natsuwa da insulin. Ya rubuta Lantus, yunit 1 da safe, yunit 1 da yamma, awa 12 tsakani. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta koya mini da ruwan gishiri na asibiti: a kama fatar gefen kafaɗa ko ta haƙarƙari a ɗaga ta kamar rumfa, a soka allurar a gindin rumfar, a danna, a zare. Hannuna yana ta rawa, sau 3 ina kai allurar ina fasawa. Ta ce, "Hajiya, ki duba shi, ko juyowa bai yi ba." Gaskiyarta, allurar siririya ce kamar gashi, shi hankalinsa yana kan ƙofa.

Daga nan sai kantin magani, inda na kusa yin kuskuren da ya fi kowanne haɗari. Insulin ɗin an ba ni daidai, amma sirinjin da aka haɗo mini an rubuta U-40 a jikinsa, kwalbar kuwa U-100. Da ban tuna ma'aikaciyar nan ta nuna mini rubutun da yatsa ba, da haka zan wuce. Ma'anarsa ita ce Lantus yana da yunit 100 a kowane mililita, su kuma irin su ProZinc da Caninsulin da ake yi don dabbobi yunit 40 ne. Wanda ya ɗebi Lantus da sirinjin U-40 zuwa layin farko, ya ba mage ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Na koma aka canza mini, na kuma nemi ƙaramin sirinji mai layin rabin yunit, domin a jikin mage rabin yunit ba ƙaramin abu ba ne. Kwalbar na ajiye ta a tsakiyar firiji, ba a jikin ƙofa ba, ba kuma kusa da ƙanƙara ba, don idan insulin ya daskare ya lalace. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi. Masu fari-fari kuwa sai an gauraya su kafin a ɗiba, kowanne da yadda takardarsa ta ce a yi.

Mun tsayar da ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma. Nakan ajiye masa abinci, in bari ya ci rabi, sannan in yi allurar yana sunkuye a kan kwano. A rana ta 4 na zare allura na ji gashinsa da danshi, ga ƙamshin maganin a yatsana, alamar allurar ta ratsa fatar ta fita ta ɗaya gefen. Zuciyata ta ce in sake. Na kira asibiti, aka ce kul, domin ba ni da hanyar sanin nawa ne ya shiga, kuma wuni ɗaya da sukari a sama ya fi sauƙi a kan allura biyu a lokaci guda. Tun daga ranar na manna takarda a jikin firiji, duk wanda ya yi allura ya rubuta lokaci ya sa hannu, saboda mu biyu ne masu yi, ni da ƙanwata, kada wata ta maimaita abin da ɗaya ta riga ta yi.

Abinci ya fi allura ba mu wahala. Mage asalinta mai cin nama ce, busasshen abincin buhu kuwa yawanci cike yake da sitaci. Likita ya ce mu koma na gwangwani mai laima, mai yawan nama, wanda sitacinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 na ƙarfin abincin ba. Toka ya shinshina ya juya baya. Maigida ya ce a bar shi da yunwa, in ta ci shi zai ci, amma an riga an gargaɗe ni cewa magen da ta yi kwanaki ba ta ci, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru mata a hanta, ga shi kuma yana kan insulin. Sai muka bi shi a hankali: cokali ɗaya na sabon a gefen tsohon, gobe biyu, a ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi. Kwana 12 muka yi kafin ya saki na buhu. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne canjin abincin da kansa yana rage yawan insulin ɗin da jiki ke buƙata, wani lokaci cikin 'yan kwanaki.

A mako na 2 na sayi na'urar awon sukari ta dabbobi, AlphaTrak, don an ce ta mutane takan nuna adadi ƙasa da na gaskiya a jinin mage. Ana huda gefen kunne ne, inda wata siririyar jijiya ta zagaya. Gwajina na farko tsinken awo 5 na ɓata, wato tsinken da ake sa wa na'urar ya ɗauki ɗigon jini, jini bai fito ba, Toka ya gudu ƙarƙashin gado, ni kuma na zauna a ƙasa raina a jagule. Dabarar ashe a ɗumama kunnen ce. Nakan jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi in matse, in riƙe kunnen da shi kamar minti ɗaya, in tokare bayansa da auduga, in huda, in jira ɗigo kamar kan allura ya taru, sannan in danne wurin kaɗan don kada ya yi tabo. Ina gamawa in ba shi ɗan yankin nama. Bayan mako ɗaya da ya ji ƙarar buɗe akwatin na'urar sai ya zo da kansa. Wanda tasa na'urar take nuna ƙananan lambobi irin 12 ko 20, da wani ma'auni take aiki, ya ninka da 18 zai sami irin lambobin da nake faɗa.

Likita ya sa na ware wuni guda in riƙa awo duk bayan awa 2, daga allurar safe zuwa ta yamma, in rubuta a littafi in kawo masa. Abin da yake nema shi ne inda sukarin ya fi sauka a tsakanin allurai biyu, don da shi ake sanin ko akwai damar ƙara magani. Awonmu na farko ya fara da 390, ya sauka 290, ya sake hawa. Na ji kamar duk wahalar banza muke yi, na roƙe shi ya ninka. Ya ce, "Malama, jiki yana buƙatar kamar mako guda kafin ya daidaita da kowane canji. Rabin yunit za mu ƙara, mu sake jira." Burinsa shi ne sukarin ya zauna ƙasa da 250 zuwa 300 yawancin wuni, kada kuma ya faɗi ƙasa da 80. Muka koma yunit ɗaya da rabi, bayan mako 2 muka kai yunit 2. Ruwan kwano ya fara kwana, yashi ya daina jiƙewa, nauyinsa ya tsaya. A wannan tsakanin ne na lura yana taka ƙasa da dukan dunduniyar ƙafafunsa na baya, ya kuma kasa tsalle zuwa kan taga. Aka ce sukari ne ya taɓa jijiyoyin ƙafar, kuma yakan gyaru idan an shawo kan ciwon, sai dai da jinkiri. Nasa ya ɗauki kusan wata 3.

A mako na 8 ne abin da ake tsoro ya faru. Da safe na auna na ga 160, adadin da ban taɓa gani ba kafin allura. Na yi farin ciki, na yi masa yunit 2 kamar kullum, duk da cewa ɗan taɓa abincin kawai ya yi. Ban taɓa tambayar likita ba a wane adadi ya kamata in dakata. Wajen ƙarfe 12 ƙanwata ta ƙwala mini kira, "Yaya, zo ki ga Toka!" Na same shi yana tangaɗi, idanunsa a buɗe amma kamar ba ya gani, kansa yana karkarwa, ya je ya tsaya yana fuskantar bango. Na'ura ta nuna 46. Na lakaci zuma da yatsa na ɗaga leɓensa na goga masa a dasashi, ban ɗura masa a baki ba, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa. Bayan minti 15 ya koma 71, ya ɗaga kai, na tura masa abinci ya ci kaɗan. Duk da haka muka ɗauke shi zuwa asibiti, kuma daidai muka yi, don zuma aikinta na ɗan lokaci ne, insulin ɗin kuwa yana nan yana aiki awowi da dama. Sun riƙe shi har yamma suna awo, sau ɗaya ya sake sauka aka ba shi sukari ta jijiya. Ni ina waje a kan benci, ko ruwa na kasa sha.

Da likita ya fito bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe littafina ya nuna mini yadda lambobin safe suke ta raguwa kwana 5 a jere, ya ce sau da yawa wannan alama ce cewa jikin ya fara samar da nasa insulin ɗin. Ya rubuta mini ƙa'ida a bangon littafin: idan awon kafin allura ya gaza adadi kaza, ko bai ci abinci ba, ko ya yi amai, in kira kafin in taɓa sirinji. Ban kawo adadin a nan ba da gangan, saboda ya danganta da irin insulin da kuma magen, kowa ya karɓi nasa daga bakin likitansa tun ranar farko. Aka aske masa gefen ƙirji aka manna masa FreeStyle Libre, ɗan faifan da ke awon sukari dare da rana ana karantawa a waya. An yi shi ne ya kai kwana 14, Toka ya sosa ya ɓalle shi a rana ta 6, amma kwanakin nan sun nuna mana yana sauka sosai da tsakar dare. Aka rage zuwa yunit 1, daga baya rabi, a wata na 4 aka ce mu tsaya. Sai da ya yi mako 4 cur ba allura, awonsa tsakanin 80 da 130, sannan likita ya ce ciwon ya lafa. Ya nanata mini kalmar, lafawa ce, ba warkewa ba, yana iya dawowa.

Game da kuɗi, makon farko ne ya fi nauyi saboda gwaje-gwaje, sai kuma ranar da aka riƙe shi a asibiti. A yau da kullum ba insulin ne ya fi cin kuɗi ba, tsinken awo ne da abinci. Babbar kwalbar Lantus yunit 1000 ce, ƙaramar kuwa 300, mage mai karɓar yunit 2 zuwa 4 a rana ba za ta taɓa shanye babbar ba kafin ta lalace, don haka ƙaramar ta fi. Kamfanin ya rubuta kwana 28 bayan buɗewa, sai mutum ya tambayi likitansa tsawon lokacin da ya yarda a yi amfani da ita idan tana firiji. Sirinji sau ɗaya ake amfani da shi, nakan tara su a roba mai kauri da murfi in mayar asibiti. Takardun gwaji da ta magani da littafin awo kuwa wuri ɗaya nake ajiye su, na kuma ɗauki hotonsu a waya, domin ran da muka je da gaggawa wani likita muka fara tararwa, takardun nan ne suka yi mana bayani.

Da zan koma ranar farko, ba zan bar ɗakin likita ba sai na ji amsar abubuwa 3: a wane adadi zan fasa allura, me zan yi idan ya ƙi ci, wa zan kira da dare. Zan kuma fara awo a gida tun makon farko, don tsoron huda kunne ne ya sa na yi kwanaki ina allura a makance. Hawan sukari a hankali yake ɓarna, faɗuwarsa kuwa cikin awa ɗaya take kayar da mage, shi ya sa ban yarda mutum ya ƙara ko rabin yunit da ra'ayin kansa ba, komai munin lambar da ya gani. Idan kuma ana ta ƙara magani sukarin ya ƙi sauka, akwai abubuwan da ake bincika, kamar ciwon haƙori, ƙwayoyin cuta a mafitsara, kumburin gaɓar da ke samar da insulin, ko wani ƙari a gindin ƙwaƙwalwa da ke hana maganin aiki. Ba kowace mage ce ciwonta yake lafawa ba, akwai waɗanda suke shekaru a kan allura biyu a rana suna rayuwarsu lafiya, kuma wannan ba gazawar mai jinya ba ce.

Yanzu Toka kilo 5.6 yake, likita ya ce a nan muke so ya zauna. Busasshen abinci bai sake shiga gidan ba, kuma an rubuta a katinsa cewa kada a ba shi sitiroyid sai da shawara. Duk ranar Lahadi da safe ina ɗumama kunnensa in auna in rubuta, kullum da yamma kuma ina duba layin da na zana a jikin kwanon ruwansa in ga inda ruwan ya tsaya. Shekaranjiya na shigo ɗaki na same shi a kan taga, ya hau da kansa.